Tambaya da Amsa: Manyan Litattafan Hotunan Tarihin Birni

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan manyan litattafan hotuna, irin masu kaurin bango da ake ajiyewa a teburin falo, waɗanda ke nuna yadda birni ya sauya daga zamani zuwa zamani. Yawancin masu tambayar Kano suke nufi, don haka da ita za mu yi misali.

Na ga irin waɗannan litattafai a kanti, kuɗinsu ba kaɗan ba. Ta yaya zan gane wanda ya cancanci kuɗinsa kafin in saya? Daga wani ɗan kasuwa, Fagge.

Alhaji, fara buɗe littafin daga baya. A shafukan ƙarshe ya kamata ka tarar da jerin inda aka samo kowane hoto: ma'ajiyar da asalinsa yake, da lambarsa a can. Littafin da ba shi da wannan, galibi daga intanet aka tsinto hotunansa, kuma ba abin da zai tabbatar maka cewa ƙofar da aka ce Ƙofar Nassarawa ce ba ta Zariya ko Katsina ba ce. Sannan duba rubutun da ke ƙarƙashin hoto. Mai kyau yana faɗin wurin, da shekarar, da wanda ya ɗauka. "Kano a zamanin da" ba bayani ba ne.

Bayan haka sai bugu. Nemi hoton mutum sanye da baƙin rawani da farar babbar riga. Idan kana ganin naɗe-naɗen rawanin ɗaya bayan ɗaya, kana kuma ganin zaren aikin da ke wuyan rigar, bugun ya yi. Idan rawanin ya zama dunƙulen baƙi, rigar ta zama fari fat ba komai a cikinta, an kashe hoton tun a maɗaba'a. Daga ƙarshe buɗe littafin ka leƙa tsakanin shafuka. Idan ka ga zare a tsakiyar wasu shafukan, ɗinkakke ne, zai buɗu ya kwanta kuma zai daɗe. Wanda aka manne da gam kawai, takardarsa mai nauyi ce take ɓalle shi, shafuka su fara zubewa daga tsakiya.

A ina ake samun tsofaffin hotunan Kano na ainihi? Daga wata malamar tarihi, Gwale.

Malama, a sani tukuna cewa hotunan Kano ba su fara yawa ba sai bayan da Turawan Ingila suka ci birnin a watan Fabrairun 1903. Abin da ake yaɗawa da sunan hoton Kano na lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851 zane ne, ba hoto ba.

A waje, akwai hotunan da matuƙin jirgin sama ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauka a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi a ƙarshen 1930 da farkon 1931, har da na birnin daga sama; suna ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurik, kuma an saka su a intanet. Akwai tarin E. H. Duckworth a Jami'ar Northwestern ta Amurka, da na Eliot Elisofon a gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian a Washinton, da hotunan tsohon Ofishin Mulkin Mallaka a ma'ajiyar gwamnatin Birtaniya da ke Kew. A gida kuwa sai a nufi Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Arewa House a Kaduna.

Sai dai baƙin nan kusan abu ɗaya idonsu yake kaiwa: ganuwa, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, hawan sallah, dalar gyaɗa. Littafin da ya tsaya a nan zai nuna Kano kamar yadda baƙo ya gan ta daga bakin titi. Zauren malami da almajiransa, mata a tsakar gida ranar suna, ma'aikatan reluwe a Sabon Gari, waɗannan suna cikin akwatunan iyalai da tsofaffin shagunan masu hoto, kuma su ne suka fi saurin lalacewa. Mu a ganinmu nan ne ya kamata mai haɗa littafi ya fi ɓata lokacinsa, ya zauna da dattawan gidan su faɗi sunayen waɗanda ke cikin hoton tun suna raye.

Muna da hotuna da yawa da ba a rubuta shekara a bayansu ba. Akwai hanyar gano lokacin da aka ɗauke su? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Akwai, amma abin da za ka samu tsakanin shekara kaza da kaza ne, ba rana ba. Dabarar ita ce ka nemi abu mafi sabunta a cikin hoton, domin hoto ba ya girmar abin da ke cikinsa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, jiragen sama na farko sun sauka a Nuwamban 1925. Babban Masallacin cikin birni mai ƙubba da hasumiya biyu ginin farkon shekarun 1950 ne, na ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Tuta mai kore da fari da kore a kan ginin hukuma tana nufin daga 1 ga Oktoban 1960 zuwa gaba. Motoci a hannun hagu na titi suna nufin kafin 2 ga Afrilun 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙi a dama. Farashi a allon kanti da fam da sule yana nufin kafin Naira ta fito a Janairun 1973, ko dab da fitowarta. Mota ƙirar Peugeot 504 ba a fara ƙera ta ba sai 1968, kuma ta fi yawa a titunanmu bayan an fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Idan sarki ya fito a hoton, an samu sauƙi: Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Muhammadu Sanusi zuwa 1963, sai Muhammadu Inuwa na 'yan watanni, sannan Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014.

Ga tarko guda da ke kama mutane da yawa. Idan an kifa fim a juye lokacin wanke hoto, dama takan koma hagu, sai motar da ke tafiya a hagu ta bayyana a dama, ka yi kuskuren shekaru. Kafin ka yanke hukunci da hannun titi, nemi rubutu a allo ko lambar mota ka ga ko yana karantuwa daidai. Kuma idan alamu ba su kai ka ga shekara guda ba, rubuta "tsakanin 1960 da 1972". Shekarar da aka ƙirƙira, da zarar ta shiga littafi, sai kowa ya riƙa kwafarta.

Ƙungiyar unguwarmu tana son buga littafin hotunan tarihinta. Me za mu nema daga mai sikana, wato na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, da maɗaba'a? Daga sakataren wata ƙungiya, cikin birnin Kano.

Malam, ka'idar farko ita ce ɗigo 300 a kowane inci, a girman da hoton zai fito a shafi, ba girman asalinsa ba. Hoton da faɗinsa santimita 13 ne, kuna son ya cika santimita 26, ninki biyu ke nan, sai a ɗauke shi a kan 600. Fim na milimita 35 idan aka ɗauke shi a kan 4000 zai kai kimanin santimita 32 da 48, ya ishi cikakken shafi. A ajiye a tsarin TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto, a ɗauka da launi ko da hoton baƙi da fari ne, domin hakan ya fi riƙe inuwarsa. A ɗauki bayan hoton shi ma, saboda tambarin shago da rubutun hannu. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, a waya yana da kyau amma a takarda sai ya fito dishi-dishi. Wanda aka kwafa daga jarida ko wani littafi kuma yakan fito da wani zane kamar saƙar taburma, saboda ɗigon bugun farko yana karo da na biyu. A nemi asali.

Kada ku bari a shafa wa tsohon hoto launi da manhajar kwamfuta. Manhajar ba ta san kalar rigar ba, zato take yi, wani lokaci har fuska take sauyawa. A share ƙura da ƙarce, a tsaya nan.

Takarda ku nemi mai santsi marar ƙyalli, mai nauyin giram 150 zuwa 170 a kowace murabba'in mita. Ƙasa da haka hoton bayan shafi yakan leƙo. Sama da haka shafi ya yi tauri ya wahalar da ɗinki. Ku ce jijiyar takardar, wato inda zarurukan cikinta suka miƙe, ta bi tsawon bayan littafin inda ɗinki yake, in ba haka ba shafuka su yi ta lanƙwashewa, littafin ya ƙi kwanciya. Adadin shafuka ya rabu da 16, kamar 144 ko 160, domin haka ake naɗe manyan takardun bugu. Kwalin bango milimita 2.5 zuwa 3, ɗinkin zare. Littafi mai santimita 28 kowane gefe da shafi 160 a giram 170 zai kai kusan kilo ɗaya da rabi, ku sa wannan cikin lissafin dako.

Hotunan baƙi da fari sun fi fitowa da tawada biyu, baƙa da toka-toka. Da baƙa kaɗai sukan yi fayau. Da launuka huɗu kuma, idan injin ya ɗan kauce, sai wasu shafuka su ja kore wasu su ja ja. Idan kwafi ɗari ne ko ƙasa, bugun dijital ya fi araha. Daga wajen 500 zuwa sama injin ofset, babban injin maɗaba'a mai bugawa da faranti, ya fi sauƙin kuɗi a kowane kwafi. Ko wanne kuka zaɓa, kada ku sa hannu sai an buga muku samfurin shafuka huɗu ko takwas a kan ainihin takardar, ku duba shi da hasken rana. A samfurin ku bincika ƙ da ɗ da ɓ. Salon haruffa da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ko ta bar ɗan akwati a gurbinsu. Kuma kada fuskar mutum ta faɗa a tsakiyar shafi biyu, ɗinki zai cinye ta.

Hoton da ya tsufa, kowa na iya buga shi? Daga wata marubuciya, Kaduna.

Ba kai tsaye ba, Hajiya. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, kariyar hoto shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a. Amma hoton da ke ma'ajiyar wata ƙasa dokar can ce ke binsa, kuma ma'ajiyar takan nemi kuɗi da izini a rubuce kafin ta ba da kwafi mai kyau. Hoton iyali, musamman na matan gida, a nemi yardar iyalin ko da doka ba ta tilasta ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kuma daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, kuma mawallafi mai zaman kansa zai kai musu kwafi uku.

Nawa littafin shafukansa sun manne da damina, bangon kuma ya bankare da hunturu. Me ya jawo? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Takarda mai santsi an shafe ta ne da wani irin farin yumɓu, idan ta sha laima ta bushe sai shafi ya kama shafi. Wanda ya riga ya manne, jan sa da ƙarfi ɓare hoton zai yi. Idan ruwa ya taɓa littafi, a raba shafukan tun suna jiƙe, a sa farar takarda marar rubutu tsakaninsu ana canzawa, a kunna fanka a inuwa; rana ba ta cikin maganin. Bankarewar bango kuwa bushewar iska ce: fuskar kwalin ɗaya ta fi ɗayar saurin tsukewa. A kwantar da littafin a ɗora masa nauyi daidai na wasu kwanaki, yakan koma.

Manyan litattafai a kwance ake ajiye su, kada su wuce uku ko huɗu a jere, babba a ƙasa. A nisanta su da ƙasa da jikin bango saboda gara da danshi, kada a ƙulle su a leda, domin laimar da ta shiga ba ta fita, nan fumfuna ke kamawa. Ƙura a share ta da busasshen buroshi mai laushi, daga bayan littafin zuwa bakinsa. Su kuma asalin tsofaffin hotunan, kada a yi musu laminatin ko a manna musu salatif. Zafi da gam ɗin suna cin fuskar hoton kuma ba a iya cire su daga baya. A sa kowanne a ambulan ɗinsa, a rubuta bayaninsa da fensir a jikin ambulan ɗin.