Ga mai tambaya daga Kano: e, muna sayar da koko a Kumasi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne Hausawan Ghana sun ƙare a gadi da sayar da koko, ka kuma tambaya ko har yanzu Hausawa ne mu. Daga Zangon Kumasi nake ba ka amsa. E, muna sayar da koko. Muna fawa, muna tsire, dattawanmu da dama sun yi gadi har ƙarfinsu ya ƙare. Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda ka haɗa tambayoyin nan biyu, kamar wadda ta ɗora tukunyar koko ta fita daga Hausawa.

Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su ta Salaga, garin fatauci a arewacin Ghana ta yau. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892 sai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra. A Kete-Krachi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya karantar har ya rasu a 1934. Baƙo ba shi da gona a ƙasar Asante, sai abin da hannunsa ya iya. A 1969 kuma gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutane suka karyar da shaguna da gidaje. Iyayenmu kan ce a gidajen da suka rage, tukwanen mata ne suka riƙe yara a makaranta.

Kada ka ɗauka aikin wasa ne. Mai koko takan auna gero da olonka, wato gwangwanin awo na kasuwannin nan, ta jiƙa shi ya kwana. Washegari ta wanke, ta kai inji tare da citta da kanumfari da masoro da barkono, ta tace da ƙyalle, ta rufe ya sake kwana. Gasara ta kwanta ƙasa, ruwan tsami ya taso sama. Ruwan nan ake fara tafasawa, sannan a dama gasarar a zuba ana juyawa ba tsayawa. In hannu ya tsaya sai gudaji. In gasara ta wuce lokaci a kwanakin zafi, tsami ya yi yawa, masu saye su koma gaba. Ƙosai ma da nasa sharaɗin: a surfa wake a fitar da bawo tas, a niƙa da albasa da attaruhu ba ruwa da yawa, a buga ƙullu har ya tashi, gishiri sai daf da suya. Ƙullu mai ruwa ko man da bai yi zafi ba, duk ƙosai zai sha mai, ribar yinin ta tafi a kasko. Kafin kiran asuba wuta ta kama. Mai susu, irin adashinmu na nan, yakan zagayo kullum ya karɓi abin da ta yanke, ƙarshen wata ya mayar mata, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa.

Ciwonmu na gaskiya yayi ne, abin da kuke kira anko. Biki ya taso, uwar amarya ta fitar da atamfa, ƙawaye su fitar da leshi, bikin suna ma da nasa. Wadda ba ta ɗinka ba, a zango kowa zai sani. Sai mace ta ɗebi kuɗin susu, wata ma ta taɓa kuɗin gero. Daga nan ta fara karɓar gero da man suya bashi a farashin da ya fi na hannu, ta rage citta, ta ƙara ruwa, ciniki ya ja baya. Da wuya ka ga koko ya karya mace, bukukuwa uku a wata guda ne ke karya ta.

Samari kuma borga ne ya ɗauke musu hankali, wato wanda ya dawo daga Turai da mota da sarƙa. Yaro ya ƙi zama a rumfar fawa ta ubansa don kada 'yan mata su gan shi da jini a riga, ya bi ta Agadas zuwa Libiya, can kuma ya yi leburancin da ya fi wanda ya raina wuya. Wasu ba a sake jin duriyarsu.

Batun aure da masu gari, ana yi. Abin da dattawa ke tambaya shi ne addini da sana'a. Asante ta wajen uwa suke bin dangi, mu ta wajen uba, don haka ɗan Bahaushe da 'yar Asante yana da gida biyu. Hausarmu kuwa, na sani kuna dariya in mun ce wa mace "ya zo", ko muka sako Twi, yaren Asante, a tsakiyar magana. Amma da Hausar nan ake wa'azi a masallatan zango, da ita Badagombe da Bamoshe ke ciniki a tsakaninsu. Ba'asanten da ya miƙo kofinsa da safe ma, Hausa koko yake cewa a zuba masa.