'Yar Mujallar Sutura da Gajeren Fim Kan Mawaƙan Gambara na Bayan Fage: Ta Ina Za Mu Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta aikin jarida a Kano. Mu huɗu aka haɗa a aikin kammala karatu, muka zaɓi mu fitar da 'yar ƙaramar mujalla irin wadda ake kira zin, a kan suturar matasa masu waƙar gambarar zamani waɗanda ba su yi suna ba tukuna, mu haɗa da gajeren fim. Kyamara ɗaya ce da mu, ita ma ta aro, sai wayoyinmu, kuɗin kuma karo-karo ne. Ɗaya daga cikinmu ya dage sai mun nemo masu tallan kaya mun ɗinka musu sababbin kaya an ɗauke su a situdiyo, wai ta haka ne aikin zai yi kyan gani. Ni hankalina bai kwanta da hakan ba, amma na kasa faɗin dalili. Ta ina za mu fara, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya, kuma ga dalilin da kika kasa faɗa. Kayan da ke jikin yaron da ke waƙa a ɗakin zaure shi ne labarin da kuka fita nema. In kuka tuɓe masa su kuka sa masa waɗanda kuka ɗinka, ko kuka kawo wani kyakkyawa ya tsaya a madadinsa, abin da za ku adana a takarda zaɓin telanku ne. Bayan shekara ashirin, wanda ya buɗe mujallar yana son sanin yadda mawaƙan Kano suke shiga a zamaninku ba zai sami komai ba.

Ita zin tun asali haka take. Sunan gutsuren wata kalmar Turanci ce da ke nufin mujallar masoya, wato takardar da masu son wani abu suke bugawa da kansu don junansu. A 1976 wani matashi ma'aikacin banki a Landan, Mark Perry, ya fitar da Sniffin' Glue a kan kiɗan punk, wani kiɗan matasa mai hayaniya, da manyan jaridu ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Kwafi 50 ya fara bugawa, da keken rubutu da alƙalamin maka da injin fotokwafi. Wadda ta fi kusa da aikinku ita ce i-D, da Terry Jones ya kafa a 1980 bayan ya bar aiki da mujallar Vogue ta Ingila. Fitowarta ta farko da hannu aka maƙale ta. Abin da ya fito da ita salo ɗaya ne: a tare mutum a titi, a tsayar da shi a jikin bango, a ɗauke shi daga kai har ƙafa, a rubuta a ƙasan hoton abin da ya sa da inda ya samo shi. Wannan salon nake so ku ara, don ba ya cin kuɗi kuma ba ya ƙarya.

Mu ma nan ba baƙin buga abu da kai ba ne. Tun shekarun 1980 marubutan Kano suke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa, ba su jira kamfani ba. Sunan Kannywood kansa daga mujallar Tauraruwa ya fito a ƙarshen shekarun 1990, mujallar Fim kuma ta fara fitowa a 1999. Yau duk mai binciken farkon harkar fim ɗin Hausa waɗannan takardun yake nema ruwa a jallo. Ki sa wannan a gabatarwar aikinku, malaminku zai ga kun san inda kuka tsaya.

To ta ina za ku fara? Ku ajiye kyamarar a gida tukuna. Ku ba kanku mako biyu ko uku kuna zuwa kuna zama kawai. Titin Gidan Zoo cike yake da situdiyoyi, ku fara daga can, amma waɗanda kuke nema da yawansu a cikin unguwa suke, a ɗaki ɗaya mai kwamfuta da makirufo da katifa jingine a bango don tare amo. Da ɗan gari akan ci gari: ku nemi furodusa ɗaya mai haɗa kiɗa, domin shi ne kowa yake bi ta hannunsa, ya san wanda ya iya da wanda ke kwaikwayo, ya san ranar da ake taruwa. In ya yarda da ku, ƙofa goma ta buɗe.

A wannan zaman ne idonku zai waye. Za ki ga yaro da rigar shadda ta rabin jiki a kan wandon jins, da kambas ɗin da ya sha wanki har farinsa ya koma ruwan madara, hular zanna ya karya ta gefe guda. Gobe shi ɗin dai zai zo da hana-sallah ya juya bakinta baya, in an kira sallah ya cire ya cusa a aljihu. Za ki ga wanda ya fito daga gida da kaftani, ya iso situdiyo ya tuɓe ya ninke a jaka, ashe tishat na ciki. Wannan kaftanin da ke cikin jaka ya fi duk wani hoton situdiyo faɗin yadda waƙar gambara take zaune a Kano. Ki rubuta irin waɗannan a littafinki tun kafin a fara ɗauka.

Tambayoyin su zama gajeru, iri ɗaya ga kowa. Me ka sa? A ina ka saya, nawa? Wa ya ɗinka? Akwai kayan da ba za ka shiga gida da su ba? Amsoshin za su ja ku zuwa wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, da Kantin Kwari, da shagon wani tela da ya ƙware wajen matse wando ko haɗa atamfa da yadin jins. Ku bi su har can. Telan da mai gwanjon nan su ma ku ba su shafi, domin da hannunsu ake yin adon.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wurina, wato izini. Da yawa daga cikin yaran nan iyayensu ba su san suna waƙa ba, ko sun sani ba sa so. Ga 'yan mata kuwa abin ya ninka. Shekarun baya wasu ɗalibaina suka ɗauki wata yarinya mai baiwar waƙa, ta yarda da baki a kan cewa a aji kawai za a nuna. Ɗaya daga cikinsu, don murnar aikin ya yi kyau, ya yanki daƙiƙa talatin ya ɗora a intanet. Kafin kwana biyu ya isa wayar yayanta. Daga ranar ba ta sake taka situdiyo ba, kuma har yau abin yana damuna, don ni ne ban sa su rubuta yarjejeniya ba. Saboda haka ku rubuta takarda da Hausa mai sauƙi: ina za a nuna, a aji ne kawai ko har intanet, da sunan gaskiya ko sunan waƙa, da fuska ko babu. Kowa ya karanta ya sa hannu, wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyayensa. Wadda ba ta son fuskarta ta fito, ki ɗauki hannunta da lallensa riƙe da makirufo, ko takalminta, ko bayanta da yadda ta yafa gyale. Sau da yawa ma irin wannan hoton ya fi tsaya wa mai kallo a rai. Kuma in wani ya dawo ya ce ya fasa kafin a buga, ku cire shi ba tare da jayayya ba.

Haɗa mujallar ba wuya. Takardar A4 in an ninke ta biyu tana ba da shafi huɗu, don haka adadin shafukanku dole ya zama wanda zai rabu gida huɗu daidai. Takarda 5 ta ba ku shafi 20, kuma ya ishe ku. Kafin ku taɓa kwamfuta ku ninke fararen takardu biyar ku rubuta lamba a kowane shafi, sannan ku warware. Za ku ga shafi na 20 yana zaune kusa da na 1, na 2 kusa da na 19. Wanda bai yi wannan gwajin ba shi ne yake zuwa wajen mai fotokwafi ya tarar shafukansa sun hargitse bayan ya biya kuɗi. Ku bar fili kamar milimita 5 a kowane gefe, don injin ba ya kai tawada har bakin takarda. Bangon kaɗai ku yi mai launi a takarda mai kauri, cikin ya zama baƙi da fari. Ku fara da kwafi 50.

Injin fotokwafi yana da hali guda da ya kamata ku sani: yana cinye launin tsaka-tsaki. Baƙar fata a cikin inuwa mai duhu takan fito dunƙulen baƙi, ba ido ba hanci. Maganinsa tun wajen ɗauka ne. Ku tsayar da mutum a inuwar da haske ke shigowa ta gabansa, da safe ko bayan la'asar, bayansa bango mai haske. Ku guji tsakar rana, musamman ga mai hula, don inuwar bakin hular tana rufe ido. Ku buga hoto ɗaya na gwaji a injin da za ku yi aikin da shi kafin ku tsara sauran. Rubutun hannun mawaƙan ma kaya ne: ku roƙi shafi ɗaya daga littafin da suke rubuta baitoci, da gogensa da gyaransa, ku buga shi yadda yake.

Fim ɗin kada ya maimaita mujallar. Mujalla ta ɗauki mutum goma sha biyar, fim ya bi mutum ɗaya ko biyu, minti 8 zuwa 12. Ku bi shi yini guda: shagon da yake aiki da rana, wajen tela, situdiyo da dare. Mai kallo zai haƙura da hoton waya, amma in sauti ya lalace minti ɗaya ba zai yi ba, balle fim ne a kan waƙa. Janareto shi ne babban abokin gabarku. Hira ku yi ta a ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, a kashe inji, ku jure zafin na minti ashirin. Ku sa waya ta biyu kusa da bakin mai magana tana naɗar murya ita kaɗai, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, da wannan tafin za ku daidaita murya da hoto wajen editin. Wayar a kwance za ku riƙe ta daga farko har ƙarshe. Kullum kuka dawo ku kwafe abin da kuka ɗauka a wuri biyu kafin ku kwanta.

Game da waƙoƙin da za ku sa, ku tambayi kowane mawaƙi kiɗan na waye. Da yawa suna hawa kiɗan da suka sauko da shi daga YouTube, wanda ba mallakarsu ba ne, kuma in kuka ɗora fim ɗin can za a iya toshe shi ko a ɗauke sautin. Ku zaɓi waƙar da furodusan gida ya haɗa kiɗanta, shi da mawaƙin duka su ba ku izini a rubuce. Sannan Jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001. In nufinku ya wuce aji, wato za ku sayar ko ku nuna wa jama'a, ku karɓi wasiƙa daga sashenku ku je ku tambayi ƙa'ida tun da wuri, kada sai kun buga katin gayyata.

Shi kuma abokin naku mai son situdiyo, kada ku kashe masa gwiwa, idonsa na son kyau kuma za ku buƙace shi. Ku ba shi shafi biyun tsakiya, inda hoto ɗaya zai iya shimfiɗuwa ba tare da yankewa ba. Ya shirya haskensa yadda yake so, da sharaɗi ɗaya: mawaƙan ne za su tsaya, kuma kowa ya zo da kayan da ya fi ji da su daga akwatinsa.

Ranar da aka gama, kafin malaminku ya gani, ku koma situdiyon da kuka fara zama ku nuna musu fim ɗin, kowa ku miƙa masa kwafinsa a hannu, har telan da mai gwanjon. Ku kai kwafi biyu ɗakin karatu na sashenku. A bangon baya ku rubuta wata da shekara, da sunan unguwannin da kuka yi ɗauka, da adadin kwafin da kuka buga. Allah ya ba da sa'a, 'yata, in ta fito ki aiko mini da ɗaya.