Tambaya da Amsa: An gayyace ni mashaya a bakin Kogin Thames

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce, ban daɗe da fara aiki a Landan ba, to wata Baturiya abokiyar aikinmu za ta yi ritaya kuma an ce duk 'yan wod ɗinmu za a haɗu ranar Juma'a da yamma a wata mashaya a unguwar Wapping, bakin kogi. Matar nan ita ta riƙe ni lokacin da na zo ban san gabas ba ban san yamma ba. Ni ko ƙofar irin wurin ban taɓa leƙawa ba, in na ƙi zuwa ina jin nauyinta, in na je kuma ban san me zan tarar ba. Don Allah ya zan yi?
Ƙanwarki, daga Landan

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sa albarka a aikin. Ki fara cire hoton gidan giya irin na gida daga kanki, wannan daban ne. A Ingila mashaya ita ce majalisarsu, nan ake hirar ƙwallo, nan ake sallamar mai ritaya, ranar Lahadi har da yara da kakanni za ki gani ana cin gasasshen nama. Na bakin Thames kuwa da tarihi suke taƙama, a Wapping ɗin akwai Prospect of Whitby da masu ita ke cewa tun wajen 1520 ake shaye-shaye a wurin, a tsallake kuma cikin Rotherhithe akwai Mayflower mai sunan jirgin ruwan da ya kai Turawa Amurka a 1620. Amma fa duk tsufanta giya ake sayarwa a ciki, ba zan yi miki kwaskwarima ba. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, malamai da yawa a kai suka tsaya, saboda haka in zuciyarki ba ta kwanta ba ki sayi kati da ɗan tsaraba ki ba ta a wurin aiki, ki ce addininki ne ya hana. Wallahi Bature ba ya riƙe wannan a zuciya, sun saba.

In kuma kin ga sai kin leƙa kin gaisa, to ki je da wuri, wajen biyar zuwa shida, don daga bakwai na Juma'a wurin cika yake maƙil, kowa na ihu a kunnen ɗan'uwansa, ƙasan katako har danƙo yake saboda abin da aka zubar. Ki nemi barandar waje mai kallon ruwa, ta fi iska, sai dai can masu sigari suke taruwa tunda tun 2007 aka hana shan taba a ciki. Ki tafi da rigar sanyi ko da rani ne, iskar kogin nan ba ta da mutunci.

Yawanci babu mai zuwa tebur ya tambaye ki me za a kawo, ke za ki je kanta ki faɗa ki biya nan take, kuma ki riƙe katin banki don wasu ba sa karɓar tsabar kuɗi. Inda nake so ki buɗe kunne shi ne al'adarsu ta karɓa-karɓa, mutum ɗaya ya saya wa kowa a tebur, an jima wani ya tashi ya saya, haka har layi ya zo kanki, kin ga kenan ke da kuɗinki za ki sayo giya ki ɗauko ta da hannunki. Tun farko ki ce kin gode, naki za ki saya da kanki. Koka ko lemon kwalba ya wadatar, ruwan famfo ma kyauta ne, doka ta wajabta musu bayarwa in an nema.

Kar kala ta ruɗe ki. Cider kamar ruwan tuffa yake a kofi amma giya ce, shandy kuma giya ce aka sirka da lemo, har wanda aka rubuta babu giya ki juya kwalbar ki duba, wani giyar da ke ciki 0.0 ce wani kuma kashi 0.5 cikin ɗari. Abinci ma haka, soyayyen kifi da dankalin da kowa zai ce miki ai halal ne, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da aka tsoma kifin, ki tambaya kafin ki yi oda, miyar da suke zubawa a kan nama ita ma wani lokaci da giya a ciki. Tsiran alade kuwa ba sai na faɗa ba.

Ki gaisa da mai ritayar, ki miƙa kyautarki, minti talatin ya isa. In Magariba ta matso, babban Masallacin Gabashin Landan yana Whitechapel, daga tashar Wapping tasha biyu ce a jirgin ƙasa na Overground.