Garantin kamfani da wayar da ke kan teburinka

Ka ce wai kamfanonin da ke ba da garanti, su gyara wa mutum waya ba ko sisi ko su canza masa wata, ai mutanen kirki ne, ya kamata a yarda da su a kuma girmama su. To yaro, tunda gyaran waya kake koyo a shagona, ka sani yarda daban girmamawa daban, ni dai abin da suka rubuta a takarda nake yarda da shi, shi ma iya inda rubutun ya tsaya.

Kamfani ba shi da kunya balle kara, lissafi yake yi. Tecno da Itel da Infinix duk na gida ɗaya ne, Transsion ta can Shenzhen a China, su ne kuma suka buɗe Carlcare don gyaran wayoyinsu, kuma tun kafin waya ta baro masana'anta sun riga sun san wasu za su dawo da matsala, sun zuba kuɗin gyaran a cikin farashi, wato kwastoma ya biya tun ranar da ya saya. Wannan ba zagi ba ne fa, ni ma mai gyara in na ce wa mutum "in ta sake yi cikin sati ka dawo da ita", ai so nake gobe ya kawo min ta matarsa da ta ƙaninsa.

Wani kirkin ma sai da aka matsa musu. A ƙarshen 2017 Apple suka amsa cewa suna rage wa tsofaffin iPhone sauri saboda batir ya tsufa, ba su faɗa wa kowa ba sai da aka gano, da hayaniya ta yi yawa suka sauke kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29, a 2020 kuma Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25. Bakin cajin nan USB-C da kake gani a iPhone 15 ta 2023, dokar Tarayyar Turai ce ta tura su. Samsung kuwa da batirin Note 7 ya riƙa kama wuta a 2016 sun janye wayar gaba ɗaya, sun kyauta gaskiya, amma da jiragen sama suka fara hana kunna ta a cikinsu wace hanya ta rage musu?

Abin da ya shafe ka a shagon nan shi ne kar ka sa sukundireba a wayar kowa sai ka tambaye shi yaushe ya saya, yana da rasit, yana da kwali. Ka danna *#06# ka duba IMEI, wato lambar shaidar wayar, ya yi daidai da na jikin kwalin. In sabuwa ce garantinta bai ƙare ba kuma matsalar ta kamfani ce, kamar ta daina caji haka kawai ko sukirin ya mutu ba tare da ya fashe ba, ka tura shi ofishinsu, don kana buɗe ta ka kashe masa garantin, kuma haƙƙinsa ne ka ci saboda ɗan kuɗin aiki. Na san zafin barin kuɗi ya fita ƙofa, haƙuri za ka yi.

Amma kar ka cika masa baki wai za su yi masa komai. Fashewar sukirin da shigar ruwa yawanci ba sa cikin garanti, akwai ɗan farin tambari a cikin waya da ke komawa ja in ruwa ya taɓa shi, shi za su fara dubawa, rantsuwa ba ta aiki a wurin. Tsohuwar wayar da aka shigo da ita daga waje, wadda ake ce wa ta Landan, kuwa, garantinta shi ne bakin wanda ya sayar da ita. In kuma yana da gaskiya suka yi ta ja masa rai, akwai hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafin masu saye, ka ce ya ɗau hoton rasit da takardar da suka ba shi ranar da suka karɓi wayar, kar ya bar ta a hannunsu ba takarda.