Amsa: Mene ne amfanin bankin raya ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce tunda ga bankunan kasuwanci birjik, me ya sa gwamnati za ta kafa nata na raya ƙasa?

Maganar wa'adi ce. Kuɗin da ke hannun bankin kasuwanci ajiyar jama'a ce, mai ita yana iya zuwa gobe da sassafe ya ce a ba shi abinsa. Shi ya sa suka fi son bashin 'yan watanni, ga ruwa mai tsada. To wanda zai kafa masana'antar casar shinkafa a Kano fa? Kafin ya sayi fili, ya shigo da injina, ya fara ganin riba, an ci shekaru. Irin wannan bashi mai dogon zango shi ne aikin bankin raya ƙasa, domin jarinsa daga gwamnati yake fitowa da manyan masu ba da lamuni irin su Bankin Duniya. Haka Jamus ta kafa bankinta na raya ƙasa, KfW, a 1948 don sake gina ƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A Najeriya akwai Bankin Masana'antu, BOI, tun 2001, sai Bankin Raya Ƙasa na Najeriya, DBN, da ya fara aiki a 2017. Shi DBN ba ya ba ka hannu da hannu, ta bankinka yake bi, kuma a nan ƙaramin ɗan kasuwa yake shan wuya, don sau da yawa sai an nemi jingina.

Ni dai siyasa nake tsoro. Da zarar takardar wani babba ta zama sharaɗin samun bashi, sai kowa ya ɗauka rabonsa ne, ba mai biya. Bashin da aka ƙi biya yana cikin abin da ya durƙusar da NERFUND, asusun da gwamnatin tarayya ta kafa don ba ƙanana da matsakaitan masana'antu bashi.