A buɗe kwalin ko a ji nauyin mai shago?

Ɗana, na ga saƙonka, sai da na yi dariya sannan na yi shiru. Wai ko rashin kunya ne ka ce wa mai shago, tunda sa'an babanka ne, ya kunna maka kwamfutocin nan biyu na tafi-da-gidanka ka gwada allonsu kafin ka biya. Yaran yanzu! Hoton waya ya ishe ku zuba kuɗi, amma cewa "a nuna mini" ya zama abin jin nauyi.

A da, idan dattawanmu suka shiga Bab Sharif nan Jidda sayen yadi, ba mai tayawa daga cikin shago. Sai a warware turmin, a fito da shi bakin ƙofa inda rana take, a ɗaga, a karkata hagu da dama, a jiƙa yatsa a murza gefe a ga ko rini zai zuba. Mai shago na tsaye da kofin shayinsa, ko a jikinsa, wani lokacin ma shi ke riƙe ɗaya bakin. Cewa suke ba a cinikin biri a sama.

Allo ma karkatawar nan yake so. Ka tura murfin baya kaɗan, ka leƙa ta gefe. In launi ya koɗe ko ya yi duhu, irin allon da ake kira TN ne, ka bar shi. Irin da ake kira IPS yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa. Iri na uku, OLED, ya fi su baƙi mai zurfi da launi mai kauri, sai dai abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasa na Windows, yana iya barin tabo bayan shekaru.

Kada sunan samfurin ya ruɗe ka, kamfani kan sa allo iri-iri a samfuri guda. Karanta cikakkiyar lambar da ke jikin kwali. A allo mai inci 15.6, yawan ɗigogin hoto 1366×768 ya yi kaɗan, wasullan Larabci sai su riƙa cakuɗewa. Nemi 1920×1080, ko 1920×1200 mai ƙarin tsayi don karatu. Haske kuma, da nit ake auna shi: nit 250 na ɗaki mai labule ne. Da ranar garin nan, 300 ne ƙasa, 400 in kana zama kusa da taga, kuma allo mara sheƙi ya fi, don mai sheƙi fuskarka zai riƙa nuna maka.

Inda aka fi cutuwa shi ne launi. NTSC da sRGB ma'aunai ne na yawan launin da allo ke iya nunawa. Ka ga an rubuta 45% NTSC, to wajen kashi biyu cikin uku na sRGB ne, ja sai ya koma kamar ruwan lemo. Mai aikin hoto 100% sRGB yake nema. Shi kuwa 144Hz, wato sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa, na masu wasan kwamfuta ne, 60 ya ishi rubutu.

Ka je da hotuna a filasha: baƙi wuluk, fari fat, ja, kore, shuɗi. Buɗe kowane ya cika allon. Ɗigon da ya ƙi canzawa ya mutu. A kan baƙin, ka kāre hasken shago da jikinka ka duba kusurwoyi ko haske na tsiyaya. Sannan ka rage haske sosai ka duba ta kyamarar waya: in ratsi na gudu, allon na ƙyaftawa, yana sa wa wasu ciwon kai. Duka biyun ka sa su gefe da gefe, hoto ɗaya, haske ɗaya.

Batun kunya kuwa, gaisuwa ce kuka yar, shi ya sa komai ke muku nauyi. Ka fara gaishe shi da kyau, ka tambayi iyali. In ya ce sabon kwali ba ya buɗuwa, ka gwada na nuni mai lamba iri ɗaya, a rubuta maka sharaɗin mayarwa a rasit. Ka gaida mamanka.