Kada a ɗauke faranti sai kowa ya gama

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da raina ya sosu, domin abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Kin ce duk sanda kuka fita cin abinci ke da maigidanki, ba kwa gama zama mai sabis ya tsaya a kanku, kafin ki haɗiye lomar ƙarshe ya ɗauke faranti, takardar kuɗi kuma a dire muku ita ba wanda ya nema. Kina tambaya ko ku ne kuke daɗewa fiye da kima, kuma me za ki ce ba tare da an ɗauke ki mai neman rigima ba. Ki kwantar da hankalinki, ba laifinku ba ne. Kuɗinku kuka biya, kuma zaman ma yana cikin abin da kuka biya.

Ni nawa da mahaifiyata ya faru, shi ya sa har yau bai bar ni ba. Mama ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ta daɗe a kwance, da ƙyar hannunta na dama ya dawo har ta iya riƙe cokali. Da likita ya ce ta riƙa fita tana shan iska, sai Yaya ya ce mu kai ta gidan abinci, mu da matarsa. Ranar tun da hantsi take shiri, ta sa aka goge mata kayan da ta fi so. Muna isa, ban ma gama gyara mata kujera ba yaron ya iso da alƙalami a hannu, wai me za a kawo. Muka ce a ba mu ɗan lokaci. Ya ja baya kaɗan ya tsaya yana kallonmu, har sai da muka zaɓa a gurguje.

Mu uku muka riga ta gamawa, dole, ita kowace loma sai ta lallaɓa ta ɗago ta, hannun yana rawa. Yaron nan ya zo ya kwashe farantanmu ɗaya bayan ɗaya, ya bar nata shi kaɗai a tsakiyar tebur. Ya dawo da tsumma yana goge teburin yana zagaye farantinta, har ya ɗaga kofinta ya goge ƙarƙashinsa. Ina kallon fuskarta tana canzawa. Ta fara ƙoƙarin yin sauri, abin da ba za ta iya ba, abinci ya zube mata a gaban riga. Sai ga shi ya sake dawowa, ya kama bakin farantin alhali cokali yana hannunta, ya ce, "An gama da wannan?" Kafin ɗayanmu ya buɗe baki ta ajiye cokalin ta ce ta ƙoshi. Ko rabi ba ta ci ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ta ɗago ta ce masa, "Yi haƙuri ɗan nan, na ɓata maka lokaci." Matar da ta haife mu ta raine mu, ita ce take ba yaron da bai kai sa'an autanta ba haƙuri saboda tana cin abinci a hankali. Shi kuwa ko amsawa bai yi ba, ya ɗauke ya wuce.

Na ce a dawo da farantin, ita ta riƙe hannuna ta ce a bari. Yaya ya tashi ya sami manaja. Ni manajan ne ma na fi jin haushinsa, domin yaron ko ba komai aiki aka sa shi. Manajan nan bai ɗago ido daga kwamfutarsa ba, ya ce wai wasu sun kama teburin tun da rana, lokacinsu ya kusa. To me ya hana a gaya mana tun da muka shigo? Kun ga tsohuwa ana riƙe da ita tana jan ƙafa, kun san ba za ta ci da sauri ba, me ya sa ba ku ba mu wani teburin ba? Muna fita da idona na ga tebura ba kowa a kansu. Ko "Allah ya ƙara sauƙi" bai ce mata ba. Tun daga ranar duk sanda aka ce a fita sai ta ce mu je kawai, ita ta fi son cin nata a gida, kuma na san dalili.

Daga baya wata ƙawata da ta yi aikin sabis shekara da shekaru ta fahimtar da ni yadda abin yake. Gidan abinci kujera yake sayarwa kamar yadda yake sayar da abinci. Awoyin ciniki kaɗan ne, teburin da aka zauna sau uku a dare ɗaya ya fi wanda aka zauna sau biyu kawo kuɗi, kuma manaja yana lissafe da wannan, yana matsa wa yara. A wasu ƙasashen ma aljihun mai sabis ɗin ne kai tsaye. A Amurka, mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa ma'aikacin da ke karɓar tukwici dala 2.13 ne a awa, tun 1991 bai motsa ba, sauran abin da zai ci yana cikin tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari da masu cin abinci suke bari. Ka daɗe a teburinsa, ka rage masa na cefane. A Faransa kuwa kuɗin hidima yana cikin farashi, kuma galibi ba a kawo maka takardar kuɗi sai ka nema. Sannan tun lokacin korona a 2020 gidajen abinci da yawa suka fara yanka wa tebur lokaci, minti 90 ko awa biyu, wasu har yanzu ba su daina ba. Na fahimci duk wannan, ina kuma tausaya wa yaran da suke wuni a tsaye. Amma babu lissafin da ya halatta a sa hannu a farantin mutum yana cikin ci.

Abin da nake yi yanzu, tun a bakin ƙofa nake tambaya: teburin nan akwai lokacin da za mu tashi? In akwai a gaya mini, in ya yi mana mu zauna, in bai yi ba mu juya. Da mai sabis ya zo kuma, bayan gaisuwa, sai in ce masa, "Don Allah ba ma sauri, kuma kada a ɗauke farantin kowa sai dukkanmu mun gama." Ki faɗa da fara'a tun da farko, za ki ga mafi yawansu suna kiyayewa. In kika bari sai ranki ya ɓaci, muryarki za ta fito da zafi, shi ma ya ɗau zafi. Kada kuma ku faɗi duk abin da kuke so a lokaci ɗaya, ku nemi na farko, in kun kusa gamawa ku nemi na gaba, in ba haka ba kicin zai turo muku komai a jere.

Ki lura da cokali ma. A wuraren da aka koya wa ma'aikata aiki, in ka haɗa cokali mai yatsu da wuƙa wuri guda a kan faranti, alama ce ta ka gama. In hutawa kike yi, ki bar su a ware. In duk da haka ya miƙo hannu, ki ɗora naki a gefen farantin ki ce, "Ban gama ba tukuna." Ba sai kin ƙara da ba da haƙuri ba.

Takardar kuɗi kuwa, wani lokaci ba kora ba ce, mai sabis ɗin ne zai tashi daga aiki yana so ya rufe lissafinsa. Ki tambaye shi. In haka ne ki biya ku ci gaba da hirarku. Ni dai in na ga mutane tsaye suna jira, mu kuma mun gama har ruwa mun sha, nakan tashi, domin su ma suna da haƙƙi. Kuma ba na zuwa dab da lokacin rufewa ko daren ƙarshen mako in ina son zama mai tsawo.

Su kuma 'yan'uwa masu iyaye tsofaffi, don Allah ku riƙa fita da su, kada ku bari ciwo ya kulle su a ɗaki. Ku zaunar da su inda ba a yawan wucewa, kada a riƙa bugun kujerarsu. Wanda ya fi kowa saurin ci ya rage hannu, ya bar wani abu a farantinsa yana ɗan taɓawa, don kada tsoho ya ga shi kaɗai ake jira. Mutumin da ya yi jinya yana ganin kansa nauyi ne a kan mutane ko ba a faɗa masa ba, kallo ɗaya ya ishe shi ya janye.

Ke ma ki duba, a tsakaninku wa yake riga gamawa? In maigidan ne, ki roƙe shi ya riƙa jiranki, domin da zarar farantinsa ya zama wayam mai sabis zai ɗauka an gama. In kun yi magana cikin mutunci aka sake yi muku, ki nemi manaja, kada ki tsaya cacar baki da yaron. In shi ma ya yi kunnen uwar shegu, ku biya ku tafi, kada ku sake komawa, ki kuma gaya wa duk wanda ya tambaye ki dalili.